Tsutsa Arba'in da Bakwai a Gidan Duba-Gari

Akwai wani mutum wanda ya yi shekara talatin da biyar yana yaƙi da mutuwa gida-gida, bai taɓa ja da baya ba. Mutuwar dai a cikin randa take zaune, kuma tsawonta bai kai na ƙwayar shinkafa ba.

Duba-gari ne shi, wato ma'aikacin tsafta irin na da, mai kaki da hula da tocila. Yakan yi sallama a ƙofa, ya nuna takardarsa ko ba a tambaye shi ba, ya wuce kai tsaye wurin randunan ruwa ya haska. In ya ga tsutsar sauro sai ya ƙirga, ya faɗi adadin da ƙarfi domin maƙwabta ma su amfana, sa'an nan ya rubuta a littafi. Da an ji ya shigo unguwa sai mata su hau tuntsurar da ruwa, ana tura tukwane ƙarƙashin gado. Wannan hali bai taɓa shiga kansa ba. A ganinsa, mutumin da ya tako har gidanka ya nuna maka cutar da kake kwana da ita ya cancanci a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, ko da yake shi ba sha zai yi ba.

Misali ba ya bukatar suna, amma a majami'a Malam Gayus ake ce masa. Matarsa kuwa Baban Rahila take kiransa, shi kuma ya ce mata Maman Rahila, gama 'yarsu ta fari ke nan.

Malam yana da labari guda ɗaya, yana kuwa ba da shi a gidan biki da gidan makoki ba tare da nuna bambanci ba. A shekararsa ta tara a aiki, wani mutum ya ɗinka kaki, ya sayi tocila, ya shiga bin gidaje a unguwar bayan tasha. Duk randar da ya haska sai ya sami tsutsa. Sai ya ɗaure fuska ya fara lissafo sammaci da kotu da tara, har sai matar gida ta rikice. Daga nan ya sassauta murya, ya ce amma yana da wani farin gari a aljihu, in ta saya ta barbaɗa, magana ta mutu. Malam Gayus ne ya kama shi. Abin da ya tona mutumin shi ne, ya sami tsutsa a cikin sabuwar randa wadda aka ɗauko daga wurin maginiya da safen nan, ruwa ma bai taɓa kwana a cikinta ba. Da aka laluba jikinsa sai ga kwalba cike da tsutsa. Da kayansa yake yawo. Farin garin kuwa alli ne aka daka.

Malam yakan rufe labarin da ɗaga yatsa. "Duba-garin gaskiya ba ya sayar da magani. In mutum ya ce ya ga cuta a gidanka, ya kuma ce maganin yana aljihunsa, to aljihun za ka fara dubawa."

Maman Rahila takan iya ba da labarin da kanta, har da wurin da yake tsayawa ya gyara murya.

Da ya yi ritaya, Rahila, wadda take aikin jinya a Fatakwal, ta sayo masa kwamfuta don kada zaman banza ya sa ya koma duba randunan maƙwabta kyauta. Akwai kuma wani dalili wanda ya fi wannan nauyi. Mahaifiyar Malam, wadda kowa yake kira Iya, mai tsara waƙoƙin yabo ce a harshen ƙauyensu. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, duk a ka suke. Kafin ta rasu Malam ya je da rediyo ya ɗauki muryarta, waƙa sittin a kaset goma sha tara. A ciki ana jin zakara, ana jin tarinta, akwai inda ta tsaya a tsakiyar baiti ta kori akuya. Wani hutun Kirsimeti Rahila ta zo da wata igiyar haɗa rediyo da kwamfuta, ta yi kwana huɗu tana juye kaset ɗin cikin kwamfutar har ta gama.

Sai Malam ya dubi kwalin da tsofaffin kaset ɗin suke ciki, da idon aiki. Tsohon kwali, a iliminsa, gidan kyankyaso ne. Tun da muryar ta koma wuri mai tsabta, me ya rage? Ya ce wa matarsa ta kai kwalin bola a ƙone.

Ta ce, "To."

Kafin Rahila ta koma ta bar masa abu biyu. Na fari filashi ne, ɗan ƙaramin abin nan da ake kwafar ajiya a ciki, ta ce ya kwafi waƙoƙin don ya zama suna wuri biyu. Malam ya sa shi a aljihun tebur cikin ledarsa, ba a ɓare ba, saboda ƙura. Na biyu kuwa mai tsaro ne ta sa a cikin kwamfutar, wata manhaja wadda aikinta ta hana mugun abu shiga. Alamarta wani ɗan koren ɗigo ne a kusurwar allo.

"Baba, ko me za a ce maka, kada ka kashe wannan," in ji ta.

Bai kashe ba, amma bai taɓa ganin girmansa ba. Shekara uku ɗigon nan yana zaune a kusurwa, bai kawo rahoto ko sau ɗaya ba, bai ƙirga komai da ƙarfi ba. Malam ya yi aiki da irinsu a ofis. Su ne masu zama gindin mangwaro su rubuta cewa unguwa lafiya.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Kowace yamma, in rana ta yi sanyi, sai ya kunna waƙa ɗaya ta Iya, ya saurara, ya tsayar, ya buga kalmomin da yatsa biyu, yana shirya littafi domin majami'ar ƙauyensu, inda yara suka fara manta harshen. Ya kai waƙa ta ashirin da biyu.

Ya zama kuwa wata Talata da hantsi, yana karanta labarai a intanet, sai ya ga wani hoto a gefe, na kofin ruwa, an rubuta a ƙasa: Abin da yake cikin ruwan da kake sha zai ba ka tsoro. Akwai mutanen da za su iya wuce wannan. Malam Gayus ba ya cikinsu. Ya danna.

Nan take allon ya koma ja. Wata ƙara ta tashi kamar ta motar asibiti. Garkuwa ta bayyana a tsakiya, mai tauraro, da wani dogon suna na Turanci wanda ma'anarsa ita ce Babban Mai Tsaron Gida. Wani layi ya fara tafiya daga hagu zuwa dama, lambobi suna hawa. Bakwai. Goma sha tara. Talatin da ɗaya. Ya tsaya a arba'in da bakwai. Aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa an sami 'yan leƙen asiri arba'in da bakwai a cikin kwamfutarsa, suna kwasar sirrinsa a wannan lokaci, kuma in bai tsabtace cikin minti biyar ba, duk ajiyarsa za ta hallaka. Agogo ya fara ƙirga baya.

Gaban Malam ya faɗi, gama ya tuna da Iya. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu kamar daɗi. Ga aiki yadda ake yinsa. An shigo, an haska, an ƙirga, an faɗi adadi da ƙarfi. Ya dubi koren ɗigon nan na kusurwa kamar yadda yakan dubi ƙaramin ma'aikaci a gaban shugaba.

Maman Rahila tana bakin ƙofa tana tsintar wake a faifai. Ta ɗago kai.

"Baban Rahila, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna. An yi mana duba. Arba'in da bakwai!"

"Arba'in da bakwai me?"

"Ƙwayoyin cuta. Masu leƙen asiri. A cikin gidan nan, Maman Rahila, shekara uku muna kwana da su."

Ta hura ƙaiƙayi daga faifan. "Wa ya aiko mai duban?"

"Ga garkuwarsa nan kina gani."

"Na ga garkuwa. Na ce wa ya aiko shi."

"Ke ba ki san aikin nan ba. Haka mata suke yi mana a da, mutum ya zo taimakonsu, su tsaya tambayar asalinsa."

"Kira Rahila mana."

"Rahila tana kan marasa lafiya. Saura minti uku."

"To in ya yi haƙuri har yamma, tsutsar za ta yi fiffike ne?"

Malam ya mai da ido kan allo. Ya riga ya ƙudura a ransa cewa shi dai ba zai zama cikin masu tura tukunya ƙarƙashin gado ba. Ya danna inda aka ce ya danna. Babban Mai Tsaron Gida ya ce tsabtacewa tana bukatar ɗan kuɗi kaɗan, ya nemi lambar katin banki. Malam ya ɗauko katin, ya sa tabarau, ya buga lambobin daidai, har da ukun nan na baya, gama shi mutum ne mai cika takarda yadda aka tsara ta.

Sa'an nan koren ɗigon ya yi magana, karo na fari cikin shekara uku. Wani ɗan ƙaramin akwati ya fito a kusurwa, ba ƙara, ba jan launi. Ya ce wannan abin da ake so a shigar ba a san shi ba, yana iya yin ɓarna, an tare shi.

Babban Mai Tsaron Gida kuwa ya riga ya yi tanadin wannan. Ya bayyana cewa tsohon mai tsaro yakan hana sabo aiki saboda ya lalace, ya nuna da hoto, mataki-mataki, yadda za a kashe shi. Wannan ma Malam ya gane shi sarai. Ma'aikacin da aka kama yana barci ba ya son a shigo da mai duba aikinsa. Ya bi matakan. Ɗigon ya tambaya sau ɗaya, ka tabbata? Malam ya ce ya tabbata. Ɗigon ya yi toka-toka, ya yi shiru.

Layin ya sake tafiya, lambobin suka sauka har sifiri, allon ya koma shuɗi mai sanyi, aka taya shi murna. Malam ya jingina da kujera.

"An gama," ya ce. "Gida ya tsabtata."

"Madalla," in ji Maman Rahila, ta tashi da wakenta.

Ran Laraba kwamfutar ta fara tafiya kamar mai ciwon gwiwa. Ran Alhamis Babban Mai Tsaron Gida ya dawo da ƙararsa, ya ce ya sami sababbi ɗari da goma sha biyu, waɗannan kuwa manya ne, sai an ƙara kuɗi. Wannan ya ɗaure wa Malam kai. A aikinsa, in ka zubar da ruwa ka wanke randa, ba ta wayi gari da ninki biyu. Ya ce zai yi tunani, ya rufe.

Ran Jumma'a da yamma ya zauna domin waƙa ta ashirin da uku. Ya danna, ba ta buɗe ba. Ya danna ta fari, wadda Iya take korar akuya a ciki. Ba ta buɗe ba. Sunayen waƙoƙin duk sun juye sun zama tarkacen baƙaƙe da lambobi, littafin da yake bugawa ma haka. A tsakiyar allo ga takarda, babu garkuwa yanzu, babu ladabi. An kulle ajiyarka, in ji ta, in kana son mabuɗi ga inda za ka aika.

Ya daɗe a zaune, hannunsa a kan gwiwa. Lokacin da ya saba jin muryar ya zo ya wuce. Maman Rahila ta leƙo daga madafa, don ita ma kunnenta ya saba, ta ga bayansa, ta koma.

Da safe ya naɗe kwamfutar a tawul ya kai ta shagon Keziya. Keziya mace ce mai shekara arba'in da wani abu, tana cikin ƙungiyar mawaƙa ta majami'a, tana da shagon buga takardu da gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Ta ba shi kujera, ta saurari bayaninsa har ƙarshe, tun daga kofin ruwa. Ya ba da rahoton a tsare, da ranaku da adadi.

"Nawa ya ce ya gani da fari, Baba?"

"Arba'in da bakwai."

"Uhm," in ji Keziya.

Ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburi, ta yanke leda, ta fito da sabuwar kwamfuta wadda ta sayo wa shagon jiya. Ta kunna ta, ta haɗa da intanet, ta buga adireshin shafin nan da ta gani a tasa. Ta juyo masa da allon.

Ja. Ƙarar motar asibiti. Garkuwa mai tauraro. Bakwai, goma sha tara, talatin da ɗaya.

Arba'in da bakwai.

"Hoto ne kawai, Baba, kamar fim," ta ce, ta rufe shafin da danna ɗaya. "Ba ya duba komai. Ba shi da ikon ganin cikin kwamfutarka daga waje. Duk wanda ya buɗe, abin da zai gani ke nan. Kai ne mutum na shida a watan nan."

"Kowa arba'in da bakwai?"

"Bara talatin da biyu ne. Sun sami ci gaba."

"To cutar da ta kulle mini waƙoƙi fa?"

"Ita ce ka shigar ran Talata. Kafin nan lafiyarka ƙalau. Koren nan na Rahila yana ta aikinsa, shi ya sa ba ka taɓa jin komai ba."

Malam ya dubi kwalin da ke ƙasa, da ledar da aka yanke yanzu a gabansa, da farin soson da aka tallafe sabuwar kwamfutar da shi. Ya cire tabarau ya goge, ko da yake ba su yi datti ba.

"Sabuwar randa," ya ce a hankali.

Keziya ta ji labarin kwalbar a ranar aurenta, ta kuma ji shi a ranar jana'izar mahaifinta. Ta mai da ido kan madannai.

"Ni ban ce komai ba, Baba."

"Na ji ba ki ce ba. Na gode."

Sa'an nan ta faɗa masa abin yi, ba ta tausasa ba. Ya kira banki yanzu, kafin ya tashi daga kujerar nan, a toshe katin, gama lambar tana hannun ɓarayi. Ya sake duk kalmomin sirrinsa. Kwamfutar kuwa sai an share ta ƙaf, an fara daga farko.

"Waƙoƙin fa, 'yata?"

"An kulle su da mabuɗin da ba ni da shi."

"In na biya?"

"Wanda ya yi maka ƙarya ran Talata da ran Alhamis, ban san abin da zai sa ya fara gaskiya ran Asabar ba. Kana da kwafi a wani wuri? Filashi?"

"Akwai filashi," in ji Malam. "Yana nan lafiya. A cikin ledarsa."

Ya koma gida da ƙafa, ko da yake akwai masu keke a bakin kasuwa. Ya tarar da matarsa tana shanya. Ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba don ya sha yi wa mutane faɗa a kai, ya gaya mata duka. Bai rage komai ba. Ya ce ta tambaye shi wa ya aiko mai duban, tambayarsa ce ta aro, shi kuwa ya ce ba ta san aiki ba. Ya ce ya binne Iya sau ɗaya da hannun jama'a, yanzu ya sake binne ta da yatsansa.

Maman Rahila ta matse zanen da ke hannunta, ta shanya, ta sa maƙalli biyu. Ta shige ɗaki. Ya ji ana jan wani abu a kan siminti. Ta fito tana tura tsohon kwali da ƙafa, ta tsayar da shi a gabansa.

Ya dubi kwalin. Ya dube ta.

"Na ce ki ƙone."

"Ka ce."

"Kika ce to."

"Na ce to."

"Ina yake duk shekarun nan?"

"Ƙarƙashin gado. Inda Innata take ɓoye maka tukunya lokacin da kake zuwa gidanmu da tocila."

"Gadona?"

"Wajen da kake kwanciya ma. Na san nan ne kaɗai ba za ka haska ba."

Ba duka suka tsira ba. Damina uku ta ratsa kwalin, kaset biyar sun manne, sun tafi da waƙa goma sha shida. A cikinsu akwai wadda Iya ta tsara ranar da aka haifi Malam, ya kuwa tuna baitin fari kaɗai, na biyun yana zuwa masa har bakin harshe ya koma. Aikin bugun shekara uku ma ya tafi. Amma da Keziya ta aro tsohuwar rediyo mai cin kaset, ta sa na fari, sai aka ji zakara, aka ji tari, aka ji wata tsohuwa ta ɗauki waƙa, ta tsaya a tsakiya ta kori akuya. Malam ya fita waje ya ce zai duba kwata.

Ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa.

Gidan, ranka ne. Muryar da ke ciki ita ce abin da aka danƙa maka, wanda in ya tafi ba a sayo wani: bangaskiyarka, da amincin da ke tsakaninka da mutanen gidanka. Koren ɗigon kuwa shi ne tsaron da Ubangiji ya riga ya sa maka, Maganarsa da aka koya maka, da lamirinka, da 'yan'uwa masu faɗa maka gaskiya ba da ihu ba. Irin wannan tsaro ba shi da ƙarar motar asibiti. Shi ya sa muke raina shi. Mun ɗauka wanda bai firgita mu ba, ba ya aiki.

Mai garkuwar fa? Kun san shi. Wani lokaci a kan allo yake zuwa, wani lokaci da farar kwat da lasifika. Ya dube ka sau ɗaya, ya ce ya ga maƙiya a gidan ubanka, ya ga wata tsohuwa ta ɗaure maka arziki, kuma in ba ka yi wani abu kafin Jumma'a ba, shi ba ruwansa. Sa'an nan ya sassauta murya, ya ce amma akwai wani mai a kwalba. Ka tambayi wanda yake zaune kusa da kai a wurin taron. Shi ma an ga masa tsohuwar. Da ita ake yawo. Mutum ya je lafiya, ya dawo ba ya cin abincin gwaggonsa, ba ya gaida matar wansa. Cutar da aka ce an gano, ranar nan ta shiga gidan.

Ku lura da yadda abin ya bi. Sai da aka tsorata Malam, aka sa masa agogo don kada ya sami sararin tambayar kowa. Daga baya aka ce ya kashe tsohon mai tsaro da hannunsa, gama ɓarawon ba shi da ikon kashe shi daga waje. Duk wanda ya ce maka, kada ka gaya wa fastonka, kada ka gaya wa matarka, ba za su gane ba, yanzu-yanzu za ka yi, to wannan ya nuna maka aljihunsa. Abin da yake na Allah yana jure tambaya, yana kuma iya jira har yamma a kira Rahila.

Kada kuma wani ya ce shi ya san wannan. Malam Gayus ya fi kowa sani. Shi ne ya kama mai kwalbar, ya yi kusan shekara talatin yana koya wa mutane darasin, har waɗanda ba su nema ba. Sanin labari dabam, gane shi dabam in ya shigo gidanka da sabon kaki. Mai ruɗi ba ta wurin jahilcinmu yake shiga ba, yawanci ta wurin abin da muke taƙama da shi ne. Malam yana ƙaunar tsafta da rahoto, aka kawo masa rahoton tsafta.

Aka kuma yi masa jinƙai ta hannun wadda ya ce ba ta san aiki ba, daga wurin da bai taɓa dubawa ba. Haka alheri yake, ba don mun cancanta ba. Amma waƙa goma sha shida ba su dawo ba, kada mu manta da wannan sashi don ɗayan ya fi daɗin ji.

Ga masu kwamfuta da waya a cikinmu, darasin bai bukaci fassara ba. In allo ya yi ja ya fara ƙirga maka cuta, ka rufe shafin. In ya ƙi rufuwa, ka kashe na'urar, ka kai wa wanda ka san fuskarsa. Kada ka ba shi lambar kati. Abin da kake ƙauna kuwa ka ajiye shi wuri biyu, ka kuma ɓare ledar.

Malam Gayus ya sake fara littafin daga waƙa ta fari, ya kai ta tara. Labarin kwalbar yana nan yana ba da shi, sai dai ya yi tsawo, Maman Rahila ce take ƙarasa rabin na biyu. Ya yarda a karanta wannan misali a gaban jama'a bisa sharaɗi ɗaya, cewa a faɗi rahoton duka, kada a rage.

A cikin kwalin an sami kyankyasai uku.